Zanen Majigi: Hannu da Na'ura

'Yan'uwana malaman gobe, ko kun san yadda zane ke motsi a majigi? Hotuna 24 ke wucewa cikin daƙiƙa guda, sai ido ya ɗauka motsi ne. A 1966 Mustafa Alhasan na Nijar ya yi wasan kwaɗi, Bon Voyage Sim, yana zana hoto bayan hoto da hannu. Yanzu kuwa mai zane kan tsara farkon tsallen kwaɗo da ƙarshensa, kwamfuta ta cike tsakani. Aiki ya ragu ƙwarai. Amma da na gwada, kwaɗona ya faɗo kamar dutse, don ban taɓa lura da tsallen kwaɗo ba. Saboda haka in mun fita koyarwa, kada mu raba yara da fensir da lura.