Agogon Da Ke Nuna Wa Jirgin Ruwa Hanya

A zamanin da, matuƙin jirgin ruwa ba ya iya sanin nisan da ya yi gabas ko yamma cikin teku. A 1707 jiragen yaƙin Ingila huɗu suka yi karo da duwatsu, mutum fiye da dubu suka halaka.

Maganin abin kuwa agogo ne. Duniya tana juya digiri 15 kowace awa. To, in rana ta take tsaka a jirgi, agogon da aka daidaita a Ingila kuma ya nuna ƙarfe biyu, an yi digiri 30 yamma ke nan.

Sai dai zafi yakan sa agogo nawa, sanyi ya sa shi gudu. Wani kafinta, John Harrison, ya shawo kan wannan. Dabararsa da ta fi burge ni ita ce manna tagulla da baƙin ƙarfe su zama sanda guda. Da yake tagulla ta fi miƙewa in ta ji zafi, sai sandar ta lanƙwashe, ta rage tsawon siririyar wayar da ke kula da bugun agogon. Ashe zafin da ke ɓata agogo shi ke gyara shi!

Agogonsa na huɗu ya tafi Jamaika a 1761. Da aka yi lissafi, kuskurensa sakan biyar ne.