Shirinmu na yau: Me ke cikin lambar QR?



Yau magana zan yi a kan ɗan murabba'in nan mai ɗigo-ɗigo baƙi da fari da kuke gani liƙe a shagunan Dutse, har da jikin takardar NIN. Sunansa lambar QR.

Wani injiniya ɗan Japan, Masahiro Hara na kamfanin Denso Wave, shi ya ƙirƙiro ta a 1994 don bin diddigin sassan mota a masana'anta. To me ke ciki? Rubutu ne kawai, sai dai da ɗigo aka yi shi. Kowane ɗigo, a wajen waya, ɗaya ne ko sifili. Babba daga cikinsu tana ɗaukar lambobi har 7,089. Manyan akwatuna ukun nan na kusurwa su ke nuna wa kyamara sama da ƙasa, shi ya sa ko a karkace ka riƙe waya za ta karanta. Kuma ana cusa ƙarin bayanin gyara a ciki, ta yadda wata ko kusan kashi 30 cikin ɗari ya goge, za ta karantu.

Yadda ake amfani da ita: ka buɗe kyamara ko manhajar bankinka, ka haska, shi ke nan. A Najeriya, NIBSS ta ƙaddamar da tsarin biyan kuɗi na NQR a 2021. Duk wanda ya sha wuyar ƙarancin takardar Naira a 2023 ya san amfanin irin wannan.

Amma fa ga inda gizo ke saƙar. Lambar ba ta san mai gaskiya ba, ba ta san ɓarawo ba. Kowa zai iya haɗa tasa kyauta cikin minti ɗaya, ya liƙa a kan ta mai shago. Kai ka biya, kuɗin sun tafi wani wuri.

Saboda haka, kafin ka saka PIN, karanta sunan da ya fito, ka tambayi mai shago: naka ne? Kai kuma ɗan kasuwa, duba takardarka kowace safiya, kar ka saki kaya sai alat ya shigo wayarka. Kuma kar ka haska lambar da baƙo ya nuna maka da WhatsApp ɗinka. Da haka ake shiga hirar mutum.

Ku tura wa 'yan uwa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.