Keji ɗaya, rabi tudu rabi ruwa: agwagi da kifi

Masu cewa fili ya yi musu kaɗan, ga yadda na haɗa nawa a Garki.

Na raba kejin biyu. Gefe ɗaya yashi da rumfar zana, ɗayan kwami na siminti mai zurfin mita 1. Tsakaninsu na yi gangare mai kaushi, don agwagwa ta fita ba santsi, da ɗan dakali mai tare yashi kada ya zuba a ruwa.

Kar ku zuba kifi a sabon siminti, wallahi kashe su yake yi. Ku cika ruwa, ku riƙa canzawa har sati 2.

Ni karfasa na zuba. Kashin agwagi ne ke sa ruwa ya yi kore, koren nan kuma abincinta ne. Babbar tarwaɗa kuwa tana iya haɗiye ɗan tsakon agwagwa.

Amma fa kashin in ya yi yawa guba ne, balle a zafin Afrilu. In kun ga kifi na haki a sama da asuba, ku rage ruwan ku ƙara sabo nan take. Wanda na zubar, zogale nake ba wa.