FASHIN BAƘI: Yadda kuskuren saiti a uwar garke ya hana sakamakon zaɓen shugaban ƙasa hawa IReV a 2023

Da yammacin Asabar, 25 ga Fabrairu, 2023, jami'an zaɓe a rumfuna daban-daban sun ɗauki hoton takardar sakamako, EC8A, da na'urar BVAS, suka tura zuwa shafin IReV na Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, INEC. Na sanatoci da na 'yan Majalisar Wakilai ya riƙa shiga, na shugaban ƙasa ya ƙi. Hukumar ta kira lamarin tangarɗar na'ura, jam'iyyun adawa suka ce da walakin. Sai a Fabrairun 2024, cikin rahotonta kan zaɓen, INEC ta bayyana cewa matsalar ta samo asali ne daga saitin manhajar da ke kan uwar garkenta. Fahimtar wannan bayani na buƙatar sanin yadda irin wannan shafi ke aiki.

Shafin da ake haɗawa nan take

Shafukan intanet iri biyu ne. Akwai tsayayye, wanda aka rubuta sau ɗaya aka ajiye, kowa ya buɗe abu ɗaya zai gani, kamar sanarwar da aka manna a bango. Akwai kuma mai sauyawa, wanda ba ya nan a shirye sai an nema. Idan ka zaɓi jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa da rumfa a IReV, wayarka na aika buƙata ga uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da manhajar. Manhajar ta tambayi rumbun bayanai, ta ɗauko hoton da ya dace, ta haɗa shafin, ta miƙo maka.

Abin da ke gaya wa manhajar inda rumbun yake, da babban fayil ɗin da za ta zuba kowane hoto, da wanda ke da izinin rubutu a ciki, shi ne saiti. Manhaja na iya zama lafiya lau, intanet ma na aiki, amma layi ɗaya da ya kauce a saiti ya tsayar da komai.

Inda aka samu giɓi

A cewar rahoton, an tsara IReV ne ta yadda kowane zaɓe ke rataye a ƙarƙashin wata jiha. Domin zaɓen ranar, an saita zaɓuka 470 a manhajar: kujerun sanata 109, na wakilai 360, da na shugaban ƙasa guda. Kowace kujerar majalisa tana da jiharta, ko Babban Birnin Tarayya. Zaɓen shugaban ƙasa kuwa mazaɓarsa Najeriya ce baki ɗaya. Da hoton sakamakonsa ya iso, manhajar ta rasa jihar da za ta jingina shi da ita, ta kasa buɗe masa ma'ajiya, sai ta mayar da saƙon kuskure.

Tun da aka fara amfani da IReV a Agustan 2020, a zaɓen cike gurbi na Nasarawa ta Tsakiya, duk zaɓukan da ya ɗauka, har da na gwamna a Edo, Ondo, Anambra, Ekiti da Osun, na cikin jiha ɗaya ne. Giɓin bai taɓa samun abin da zai tona shi ba sai ranar da ƙasa ta fi buƙatar shafin.

Yadda ake gano bakin zaren

Injiniya kan fara da lambar kuskuren. Lamba 404 na nufin ba a sami abin da aka nema ba, 403 an hana izini, 503 uwar garke ba ta iya amsawa a lokacin, sau da yawa saboda nauyi. Lamba 500, wadda aka samu a wannan karon, na nufin saƙo ya isa amma wani abu ya lalace a cikin uwar garken kanta. Wannan kaɗai ya wanke layin waya da jami'in rumfa.

Daga nan sai kwatanta abin da ke aiki da wanda ya ƙi. Na'ura ɗaya, a hannun mutum ɗaya, ta tura takardu biyu sun shiga, ta uku ta ƙi. Ke nan bambancin yana cikin yadda ake karɓar ta ukun. Sai a buɗe kundin ayyuka, inda uwar garke ke rubuta kowace buƙata da lokacinta da matakin da ta tsaya. Idan an gano wurin, a yi gyaran gaggawa, a gwada, a ɗora. INEC ta ce takardar farko ta zaɓen shugaban ƙasa ta shiga da ƙarfe 8:55 na dare, sauran kuma suka ɗauki kwanaki.

Abin da ya rage a tambaya

A ranar 26 ga Oktoba, 2023, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa IReV ba wurin tattara sakamako ba ne, don haka gazawarsa ba ta soke zaɓe. Hukuncin ya rufe shari'a, amma bai dawo da yardar masu zaɓen da aka yi wa alƙawarin ganin sakamako nan take ba.

Bayanin INEC abu ne da kan faru a irin wannan aiki. Sai dai kuskure ne da gwaji ɗaya, na tura takardar gwaji ta zaɓen shugaban ƙasa daga rumfa har zuwa shafi, zai iya kamawa tun kafin ranar. Kuma kundin ayyuka ne kaɗai ke iya raba kuskure da ganganci, shi ma sai an bai wa masana masu zaman kansu damar dubawa. Kafin zaɓe na gaba, matasa da ƙungiyoyin sa ido na da haƙƙin neman sanin ko an gwada kowane nau'in zaɓe a bainar jama'a, wa ke da ikon taɓa saiti a ranar zaɓe, kuma wa zai ga kundin idan shafin ya sake tsayawa.