DALLA-DALLA: Yadda ake zaɓar wa yaro dogon allon zamiya ba tare da an yi asarar kuɗi ko lafiya ba

A watan Yulin 2021, wata yarinya 'yar Japan mai shekara 13, Momiji Nishiya, ta ci lambar zinare a wasan zamiya kan allo mai taya a gasar Olamfik ta Tokyo, wadda ita ce gasa ta farko da aka saka wasan a cikinta. Wadda ta zo ta biyu, Rayssa Leal ta Brazil, ita ma shekararta 13. Da aka je Paris a 2024, mafi ƙarancin shekaru a cikin dukkan 'yan wasan gasar ita ce Zheng Haohao ta China, mai shekara 11, kuma a kan irin wannan allo ta fafata.

Bidiyon waɗannan yara ya zagaya duniya a TikTok da YouTube, ya sa ƙanana da yawa sun fara matsa wa iyaye da yayye a saya masu allon. Wanda ya shiga kasuwar intanet zai tarar da iri biyu: gajere, wanda ake tsalle-tsalle da shi a Olamfik, da dogo, wanda Turawa ke kira longbod. Dogon ne aka fi ba sabon shiga shawarar farawa da shi, domin ya fi sauƙin tsayuwa. Sai dai kuma shi ne ya fi saurin ɗaukar gudu, kuma ba shi da birki.

Bambancin dogo da gajere

Gajeren allo yawanci tsawonsa inci 31 zuwa 32 ne, faɗinsa wajen inci 8, baki biyun sun ɗaga sama, tayoyinsa ƙanana ne masu tauri. An yi shi ne domin tsalle da juyi a kan siminti mai santsi. Dogon allo kan fara daga wajen inci 33, ya kai 40 ko fiye, faɗinsa inci 9 zuwa 10, tayoyinsa manya masu laushi. Aikinsa tafiya: yawo a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, lanƙwasa dama da hagu, ko gangarowa daga tudu.

Yaron da burinsa ya koyi tsallen da ya gani a bidiyo ba zai ji daɗin dogon allo ba, saboda nauyinsa. Wanda ke son ya hau ya tafi kuwa, dogon ya fi masa. Tambayar yaro abin da yake so kafin a biya kuɗi tana hana allon ya ƙare a bayan ƙofa.

Asalinsa

Wasan ya taso ne a Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1950, a hannun masu hawa igiyar ruwan teku da ke neman abin yi a ranakun da teku ta kwanta. Sukan cire tayoyin takalmin zamiya su kafa a jikin katako. Tayoyin farko na ƙarfe ne, daga baya aka yi na wani haɗi mai tauri kamar yumɓu, waɗanda tsakuwa guda kan tsayar da su cak ta jefar da mahayi.

A farkon shekarun 1970 Frank Nasworthy ya fito da tayar roba ta yuretan a ƙarƙashin sunan Cadillac Wheels. Tana kama ƙasa, tana shanye girgiza, kuma ita ce ta farfaɗo da wasan bayan ya kusa mutuwa. Dogon allo irin na yau ya bazu ne a shekarun 1990, musamman bayan kafa kamfanin Sector 9 a San Diego a 1993.

Tsawo da faɗi

Abin da ke sa allo ya tsaya daram shi ne tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya. Idan tazarar ta yi yawa, allon ba ya rawa sosai, amma yana buƙatar fili mai faɗi kafin ya sha kwana, kamar yadda tirela ba ta juyawa inda Keke Napep ke juyawa. Idan ta yi kaɗan, yana juyawa da wuri, amma yana saurin kuɓucewa daga ƙarƙashin mai koyo.

Ga yaro ɗan shekara 7 zuwa 10, allo mai inci 28 zuwa 34 ya wadatar. Ga wanda ya kai shekara 11 zuwa sama, ko mai tsayin jiki, inci 36 zuwa 40, wato wajen mita guda, ya fi dacewa. Akwai gwaji mai sauƙi. Yaro ya tsaya a kan allon, ƙafafunsa a buɗe daidai faɗin kafaɗa. Idan ƙafafun sun sauka kusa da inda aka ɗaure ƙarafan taya, girman ya yi. Sannan ya ɗauke shi da hannu ɗaya ya yi tafiya da shi. Allon da yaro ba zai iya ɗauka ba ya fi ƙarfinsa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen babba da niyyar yaro ya girma da shi, yadda ake yi da rigar makaranta. Ana juya allo ne da nauyin jiki, kuma yaro mai kilo 25 ba zai iya karkatar da abin da aka ƙera domin mai kilo 70 ba. Idan mota ko rami suka bayyana a gabansa, zai danna allon ya ƙi juyawa.

Nisa daga ƙasa

Akwai allon da ake ɗora katakonsa a saman ƙarfen taya, akwai wanda ake huda katakon a zura ƙarfen ta ciki, akwai kuma wanda tsakiyarsa ta lotsa ƙasa. Na biyu da na uku sun fi kusa da ƙasa, kuma wannan yana da amfani biyu ga mai koyo. Tsayuwa ta fi sauƙi, kamar yadda zama a kan kujera 'yar tsugune ya fi aminci a kan hawa benci mai tsawo. Sannan ƙafar da ake turawa da ita, wadda kuma da ita ake taka birki, ba ta yin nisa kafin ta taɓa ƙasa.

Irin waɗannan alluna yawanci an yanke gefensu a saman tayoyi. Dalili shi ne idan mahayi ya karkata sosai, taya kan iya gogar katako ta tsaya nan take, shi kuma ya wuce gaba. Kafin a saya, a taka gefen allon da ƙarfi a duba ko taya na taɓa katako. Idan tana taɓawa, akwai gyara kafin a hau.

Ana yin katakon kirki ne da siraran falle 7 zuwa 9 na itacen mapul da aka manne da gam, wani lokaci a haɗa da gora. Samansa yana da shimfiɗa mai kaushi kamar samfefa, wadda ke riƙe takalmi.

Ƙarfen taya da bushin

Kowane allo na da ƙarfe biyu masu riƙe tayoyi. A tsakiyar kowanne akwai kimfin da bushin biyu na roba, irin sunayen da bakanike ya sani a mota. Idan mahayi ya karkata, bushin ya matse, ƙarfen ya juya. A dogon allo faɗin ƙarfen kan kasance milimita 150 ko 180, kuma ƙa'ida ita ce ya yi daidai da faɗin katakon.

Bushin da ke zuwa da allo daga masana'anta yawanci na nauyin babba ne. Idan yaro ya karkata allon bai juya ba, a sassauta notin kimfin kaɗan, ko a sauya bushin da mai laushi, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ƙarfen taya na roba, irin wanda ake gani a allunan kantin kayan wasan yara, abin gudu ne. Ba ya juyawa daidai, kuma yana iya karyewa ana tsaka da tafiya.

Taya da boris

Lamba biyu ake rubutawa a jikin taya. Ta farko girma ce: gajeren allo na amfani da milimita 50 zuwa 56, dogo kuma 65 zuwa 75. Ta biyu tauri ce, ana rubuta ta da harafin A a ƙarshe. Tayar tsalle kan kai 99A, ta yawo kuma 78A zuwa 82A. Babbar taya mai laushi tana haye tsakuwa da tsagewar siminti, don haka ga wanda zai hau a kan kwalta mai kaushi ko daɓen intalok, milimita 70 mai taurin 78A ko 80A zaɓi ne mai kyau. Amma babu tayar da ke jure yashi. Yashin da iska ta share zuwa gefen titi na iya tsayar da allo ko ya zamar da shi.

A cikin kowace taya akwai boris biyu, girman da ake kira 608. Masu talla kan cika baki da lambar ABEC 7 ko ABEC 9, kamar ita ce ma'aunin gudu. Wannan lamba tana auna daidaiton ƙira ne domin injinan masana'antu, ba ta faɗin ingancin ƙarfe ko juriyar ƙura. Ga mai koyo, boris mai murfi da ke juyawa ba ƙara ya isa. Ƙura da ruwa su ne ajalinsa, don haka yana son goge-goge da ɗigon mai marar kauri, kuma ba a hawa cikin ruwan sama.

Sabo mai araha ko na hannu

Araha ba ta ado. Allo na hannu daga kamfanin da ya san aikinsa ya fi sabo marar suna da aka yi domin ado. A na hannu, a duba ko fallen katakon sun fara rabuwa, ko akwai tsagewa kusa da ramukan noti, ko ƙarfen taya ya lanƙwashe, ko wata taya ta cinye ta gefe guda. Ana iya sauya boris da bushin da taya, amma katakon da ya tsage ya gama aiki.

Haɗarin da ba a faɗa a talla

Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar kada yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ya hau allon zamiya, kuma har zuwa shekara 10 sai da babba a kusa. Kan ƙaramin yaro ya fi nauyi idan aka kwatanta da jikinsa, kuma bai iya kimanta gudun mota ba tukuna.

Wani bincike da masana na Jami'ar Brigham Young suka buga a 2014, kan mutum 824 da aka kai asibiti a jihar Utah, ya gano cewa masu dogon allo sun fi masu gajere samun fashewar ƙoƙon kai da rauni a ƙwaƙwalwa. Dalilin a bayyane yake: su ne ke hawa kan titi da gangare. A 2017 wani ɗan Birtaniya, Peter Connolly, ya kafa tarihin gudun kilomita 146.73 a awa a kan irin wannan allo a Kanada. Yaro ba zai kai ko kusa ba, amma ƙaramin gangare ya isa ya kai shi gudun da ƙafarsa ba za ta iya tsayarwa ba. A nan ne allo kan fara rawa dama da hagu har ya watsar da shi.

Saboda haka kuɗin hular kwano na cikin kuɗin allo. A nemi mai rufe ƙeya, mai tambarin ASTM F1492 ko EN 1078, wadda ta zauna daidai a kai ba ta lilo. Bayanta sai kariyar wuyan hannu, domin mai faɗuwa da tafin hannu yake tarar ƙasa, sannan ta gwiwa da ta gwiwar hannu. Takalmi ya zama rufaffe mai shimfiɗaɗɗen ƙasa. Silifas ba ya cikin lissafi.

Da rarrafe yaro kan tashi. Darasin farko a kan ciyawa ko tabarma ake yin sa, inda taya ba ta gudu, yaro ya gano ƙafar da ta fi masa daɗi a gaba. Sai turawa a fili mai laushin daɓe. Sai tsayawa, wato sauke tafin ƙafar baya a ja shi a ƙasa sannu a hankali. Wanda bai iya tsayawa ba bai isa gangare ba. Kama bayan mota ko babur domin a ja mutum, abin da ake ganin wasu matasa masu takalmin zamiya na yi a manyan biranen Najeriya, ganganci ne da rai.

A ina za a hau?

Wannan tambaya ta wuce gida, ta shiga hurumin hukuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29, kuma Afirka ce ta fi yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a. Yaron da ba shi da filin wasa a unguwarsu, titi zai fita.

Ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban. Norway ta haramta sayarwa da mallaka da hawan allon daga 1978 zuwa 1989, matasa suka koma shigo da shi a ɓoye suna kafa dandamali a daji, har aka janye dokar. A Uganda matasa ne suka gina filinsu da kansu a unguwar Kitintale ta Kampala. A Addis Ababa ƙungiyar Ethiopia Skate ta samu filinta a 2016. A Accra, ƙungiyar Surf Ghana ta buɗe Freedom Skatepark a Disambar 2021 da tallafin mai zanen tufafi Virgil Abloh, wanda ya rasu makonni kaɗan kafin buɗewar, daga baya kuma filin ya faɗa taƙaddamar mallaka. A Legas, gungun WAFFLESNCREAM ne ya daɗe yana riƙe da wasan.

Abin da ya haɗa misalan Afirka shi ne matasa da masu sa kai ne suka fara, ba gwamnati ba, kuma samun filin da ba za a ƙwace ba ya fi tara kuɗin siminti wuya. Kafin a samu irin wannan fili, wuraren da suka fi aminci ga mai koyo su ne filin ƙwallon kwando, harabar makaranta bayan an tashi, ko wurin ajiye motoci da babu kowa, da izinin masu wurin, da rana, kuma da babba a tsaye.