CIWON MATSEMATSI DA CUTAR ƘANDAREWAR ƘASHIN BAYA

Jama'a, a sani ba kowane ciwon matsematsi ne gwaiwa ba. A ƙasar Kafanchan da Kwoi da Kachiya, inda noman citta ya yi ƙarfi, saurayi yakan ji wannan ciwo ya ɗora wa fartanya laifi. Alhali wani lokaci tushensa wata cuta ce mai ƙandarar da ƙashin baya, wadda likitoci ke kira ankylosing spondylitis.

Takan fara ne kafin mutum ya kai shekara 45. Kumburi ke kama mahaɗar ƙashin baya da ƙugu, wani lokaci ya sauka gaɓar kwatangwalo. Zafin wannan gaɓa kuwa a matsematsi ake jin sa, har ya gangara gwiwa. Ga abin da ya raba ta da gajiyar gona: hutu ƙara ta yake yi, motsi ke sassauta ta. Mai ita yakan wayi gari jiki a sandare fiye da rabin sa'a.

Duk wanda ya wuce wata 3 a haka, ya je babban asibitin Kafanchan a ɗauki hoton ƙashi, domin tarin fuka ma yakan ci ƙashin baya, kuma maganinsa dabam ne. Idan da bukata, sai a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Cutar ba ta warkewa ɗungum, amma ana shawo kanta da motsa jiki kullum, da barin taba, da maganin kumburi irin su ibuprofen bisa umarnin likita. Shan sa barkatai yana jawo gyambon ciki, yana lalata ƙoda. Tsagar wanzami ba ta isa inda kumburin yake. Gaɓar da ta lalace sarai kuwa, ana iya sauya ta da ta ƙarfe ta hanyar tiyata.