Kashi Biyar Cikin Ɗari: Ina Rabon Masu Naƙasar Ƙwaƙwalwa a Aikin Gwamnati?

A watan Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta haramta nuna wariya ga masu naƙasa a Najeriya. Sashe na 29 na dokar ya ce hukumomi da ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu wajen ganin aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu masu naƙasa ne. A 2020 aka kafa Hukumar Kula da Masu Naƙasa ta Ƙasa domin ta bi diddigi. Ba ƙaramin ci gaba ba ne, kuma waɗanda suka yi shekaru suna safa da marwa a Majalisar Dokoki kafin a kai ga haka sun cancanci yabo.

Sai dai dokar ta zuba kowa cikin kwando ɗaya. Idan ma'aikata ta tashi cike wannan kaso, wa za ta ɗauka? Makaho mai digiri, ko gurgu mai difloma, ko kurman da ya iya kwamfuta. Su ma ɗin da jiɓin goshi suke samu, kuma haƙƙinsu ne. Amma a ƙarƙashinsu akwai wasu da aka yi wa kashin dankali, ko sunansu ba a cika ambata ba a tarukan masu naƙasa: mutanen da naƙasarsu ta shafi girman ƙwaƙwalwa tun suna yara.

Su ne masu galahanga, wadda ke samuwa idan aka haifi jariri da ƙarin ƙwayar gado a gurbi na 21. Da masu otizim, waɗanda mu'amala da mutane da sauyin tsari ke yi wa wuya. Da masu jinkirin fahimta. Ba taɓin hankali ba ne, ko da yake a unguwa haɗa su ake yi. A arewacin Najeriya dalilan jinkirin fahimta ba ɓoyayyu ba ne: doguwar naƙudar da jariri ke rasa iska a cikinta, shawarar jarirai da aka yi sakaci da ita, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ƙarancin sinadarin aidin a abincin mai ciki. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum. Da yawa daga waɗanda suka rayu gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, kuma yau sun zama samari da 'yan mata, sun kai shekarun da ake tambayar mutum sana'arsa.

Ƙofar aikin gwamnati kuwa an gina ta ne a kan takarda. Ka shiga shafin intanet ka cike fom, ka ɗora shaidar makaranta, ka zauna gaban kwamfuta ka amsa tambayoyi kafin agogo ya cika, sannan ka tsaya gaban kwamitin mutum biyar ka yi bayanin kanka da Turanci. A ce ga saurayi mai galahanga wanda ya shekara yana taya yayansa a shagon magani: ya san inda kowane kwali yake zama, yana jera su bisa launi da lamba ba ya kuskure, kuma kullum shi ne farkon zuwa. Wannan saurayin zai iya aikin ɗakin kati na kowane babban asibiti. Amma ba zai tsallake matakin farko na fom ɗin ba, domin abin da ake aunawa daban, abin da ya iya daban.

Akwai kuma wata ɓarakar da ba a cika lura da ita ba. A garambawul ɗin aikin gwamnatin tarayya na zamanin Obasanjo, an sallami dubban ƙananan ma'aikata, aka miƙa shara da gadi da makamantansu ga 'yan kwangila. Guraben da suka fi dacewa a fara da su ke nan, kuma sun bar hannun gwamnati tun kafin a yi dokar.

Wasu ƙasashen sun riga mu cin karo da wannan matsala. Dokar Indiya ta 1995 ta ware kashi 3 cikin 100 na aikin gwamnati, amma ga makafi da kurame da masu naƙasar gaɓoɓi kawai. Da aka sake doka a 2016 sai aka ɗaga kason zuwa 4, aka ce wannan ƙarin ɗayan na masu otizim ne, da masu jinkirin fahimta, da masu matsalar koyo, da masu lalurar taɓin hankali, da waɗanda naƙasarsu ta wuce ɗaya. Idan ba a samu wanda ya dace ba a shekarar, gurbin ba ya mutuwa, ana ɗaga shi zuwa ɗaukar aiki ta gaba. Har yanzu ana kokawa a can kan cike guraben, amma aƙalla uwa tana da layin doka da za ta ɗora yatsa a kai ta ce, "Ga rabon ɗana."

Amurka ta bi wata hanyar. A gwamnatin tarayyarta akwai tsarin da ake kira Schedule A, wanda ya ba ma'aikata damar ɗaukar mai naƙasar fahimta, ko mai naƙasar jiki mai tsanani, ba tare da ya shiga gasar da kowa ke shiga ba. Abin da zai kawo shi ne wasiƙa daga likita ko ƙwararren jami'in gyaran rayuwar naƙasassu. Dole dai ya iya aikin, ba sadaka ake ba shi ba. Idan ya yi shekara biyu aikinsa na gamsarwa, ana iya tabbatar da shi kamar kowane ma'aikaci.

A ganina, abin da ya fi kaso da wasiƙa muhimmanci shi ne yadda ake koyar da aikin. A 1996, a asibitin yara na birnin Cincinnati, wata shugabar ma'aikatan jinya ta sashen gaggawa mai suna Erin Riehle ta ga tana ta fama da masu barin aikin cike ɗakunan kaya, alhali asibitin cike yake da marasa lafiya masu irin wannan naƙasa da ba a taɓa tunanin ɗauka aiki ba. Daga nan aka fara shirin Project SEARCH, wanda yanzu ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Matashi yana shafe shekarar karatu guda a cikin wurin aikin, yana zagaya sassa uku. Mai horarwa yana tsaye a gefensa, ya kakkarya aikin gunduwa-gunduwa: ɗauko tire, ƙirga safar hannu, duba hoton da ke manne a jikin durowa, saka kowane abu inda hoton ya nuna. Yau a yi tare, gobe mai horarwa ya ja da baya taku biyu, bayan makonni ya koma leƙowa jefi-jefi. Babu wata na'ura mai tsada a ciki. Asibitin koyarwa na Kano ko Zariya ko Sakkwato zai iya yin haka da malaman da Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo da sassan ilimin musamman na jami'o'in Jos da Bayero ke yayewa.

Kaso ba tare da sa ido ba kuwa yana zama rufa-rufa. A 2018 aka gano ma'aikatun gwamnatin Japan sun kumbura adadin naƙasassun ma'aikatansu da kusan mutum 3,700, har da waɗanda raunin idonsu bai wuce na sa tabarau ba. Idan haka ta faru a can, to a inda ake cinikin gurbin aiki a bayan fage sai an buɗe ido sosai, kada ɗan wani babba ya wayi gari da takardar naƙasa.

Gyaran da ake buƙata bai kai na sake doka daga tushe ba. Ɗaukar ma'aikata daga mataki na 6 zuwa ƙasa yana hannun ma'aikatu ne, don haka takardar umarni daga ofishin Shugaban Ma'aikata za ta iya ware wani yanki na kashi biyar ɗin ga masu naƙasar ƙwaƙwalwa, ta kuma ce gwajin aiki na watanni ya maye musu gurbin jarrabawar kwamfuta. A sa sharaɗi a kwangilolin shara da lambu da wanki cewa sai an ɗauke su, da cikakken albashi. Kuɗin ya shiga asusun mai aikin, da wani amintacce da zai taimaka masa, don kada dangi su mayar da shi saniyar tatsa. Kowace ma'aikata kuma ta riƙa wallafa adadin waɗanda ta ɗauka duk shekara, kowane rukuni daban, yadda iyaye da ƙungiyoyi za su iya zuwa su ƙirga da kansu.